Ga masu neman kujerar daraktan mambobi: abin da na gani a cikin dosiyoyinku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da matasanmu, maza da mata, a kan wata takarda da kusan kowane mai neman aiki yake rubutawa amma kaɗan ne suke tsayawa su yi tunani a kanta, wato takardar tarihin karatu da aiki wadda muka fi sani da CV. Zan tsaya a kan aiki guda ɗaya wanda na sani ciki da waje, shi ne aikin daraktan kula da mambobi a ƙungiya, ko ta manoma ce, ko ta makiyaya, ko ta ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu. Na yi shekaru ina riƙe da rajistar wata ƙungiyar manoma a nan jihar Damagaram, kuma a hunturun da ya wuce aka sa ni cikin kwamitin da zai zaɓi wanda za a ɗora a kan wannan kujera a wata tarayyar ƙungiyoyi. Abin da na gani a kan teburin nan shi ne ya hana ni yin shiru.

Kwana biyu muka yi, mu biyar, muna buɗe dosiyoyi a wani ɗaki da ƙurar hunturu take kutsowa ta ƙarƙashin ƙofarsa. Ta fuskar cika sharuɗɗa babu abin da za a ce wa yaran nan. Kowa ya kawo takardar neman aiki da ya rubuta da hannunsa, da takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da takardar kotu mai shaida cewa ba a taɓa hukunta shi ba wadda ba ta wuce wata 3 ba, da kwafin difloma mai hatimi. Na san abin da haɗa waɗannan yake ci na kuɗi da jeka-ka-dawo, musamman ga wanda ya taso daga Magariya ko Tanut. Amma da muka iso kan CV, wadda ita kaɗai ce takardar da mutum yake da ikon ya faɗi ko shi wane ne a cikinta, sai muka tarar kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su duka. Kowa mai kuzari ne, kowa mai iya zama da jama'a ne, kowa mai jure matsin aiki ne, kowa ya iya kwamfuta. Har wani kuskuren rubutu guda na tarar a wuri ɗaya cikin takardu huɗu, abin da ya nuna mini cewa a shago ɗaya aka buga su, aka canza suna da ranar haihuwa kawai. Ban ga laifin mai shagon ba, domin abin da aka ce ya buga shi ya buga, kuma shi bai san aikin da ake nema ba.

Ina ganin tushen matsalar shi ne yawancin masu neman ba su tambayi kansu mene ne aikin ba kafin su ɗauki alƙalami. Daraktan mambobi yana taɓa aikin sakatare, yana taɓa na ma'aji, amma abin da ke wuyansa daban ne. Shi ne wanda ake juyowa a kalla ranar babban taron shekara idan aka tambaya mu nawa ne bara, mu nawa ne bana, su wa suka daina zuwa, kuma me ya kore su. Shi yake karɓar sabon shiga ya fahimtar da shi haƙƙinsa da abin da ke kansa, shi yake bin kuɗin shekara ba tare da ya ci mutuncin wanda bai samu ya biya ba, kuma shi ne kunnen da ƙorafi yake fara faɗawa kafin ya zama rigimar da za ta raba ƙungiya biyu.

Akwai dalilin da ya sa wannan kujera take da nauyi a yau fiye da zamanin iyayenmu. A lokacin UNCC, hukumar gwamnati mai kula da bashi da ƙungiyoyin haɗin gwiwa, wadda aka kafa a 1962 sa'ad da gyaɗa take ɗauke da tattalin arzikin wannan yanki, ƙauye ne ake ɗauka gaba ɗaya a sa shi cikin tsarin haɗin gwiwa, saboda haka babu wanda yake wahalar neman mamba ko lallashinsa ya zauna. Yau tsarin ya sauya. Dokar da OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka, ta yi a kan ƙungiyoyin haɗin gwiwa, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 kuma take aiki a ƙasashe 17 har da Nijar, ta ginu ne a kan mutum ya shiga da yardar kansa, ya sayi kasonsa, ya samu ƙuri'a ɗaya komai yawan dukiyarsa. Mutum 5 sun isa su kafa ƙaramar ƙungiya irin wadda ake kira SCOOPS, mai majalisar gudanarwa kuwa, wato COOP-CA, sai da mutum 15. Dokar ta kuma wajabta a ajiye rajistar mambobi a mazaunin ƙungiya, a rubuta kowa bisa jerin shigarsa, da lambarsa, da shaidar katinsa, da sana'arsa, da kason da ya ɗauka da wanda ya biya. Wanda ya shiga da yardar kansa yana iya fita da yardar kansa. Kuma tun da babban taro ba ya yanke hukunci sai adadin da aka ƙayyade ya halarta, rajistar da aka bari cike da sunayen mamata da na waɗanda suka yi ƙaura tana iya hana ƙungiya ta zartar da komai ranar da take bukata. Na taɓa ganin an ɗage taro saboda haka, bayan mutane sun biya kuɗin mota daga ƙauyukansu. Duk wanda ya fahimci wannan ya san abin da kwamiti yake nema a takardarsa, wato shaidar cewa an taɓa ba shi amanar mutane da sunayensu da ƴan kuɗinsu, kuma mutanen ba su watse a hannunsa ba.

Bari in ba da labarin wata baiwar Allah da ta zo gabanmu, domin ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Takardarta shafi ɗaya ce da ɗan kai, kuma da kyar ta tsallake zagayen farko, saboda karatunta bai kai na da yawa daga cikin abokan takararta ba. A can ƙasa, wurin da ake rubuta abubuwan sha'awa, ta sa kalma biyu kawai, ƙungiyoyin mata. Wata hajiya da ke cikinmu ita ce ta dage sai an kira ta, ta ce tana so ta ji abin da ke bayan kalmomin nan. Ranar ganawa, da aka tambaye ta, sai ta buɗe jakarta ta fito da wani littafin makaranta da aka lulluɓe bangonsa da takardar buhun siminti. Kafin ta miƙo mana shi sai da ta naɗe gefen shafin da sunaye suke, ta bar mana lambobi kawai. Ashe shekara 4 ta yi tana riƙe wa ƙungiyoyin asusu 6 na mata lissafi a ƙauyukan da ke kewayen Miriya. Ta nuna mana da yatsa yadda zubin mako yake raguwa kowace shekara idan bazara ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, da yadda ta shawo kan matan suka yarda a rage zubin zuwa rabi har kaka, maimakon a bar wadda ta kasa ta ɓuya don kunya har a rasa ta gaba ɗaya. Duk wadda ta bar ƙungiya akwai ɗan layi a gaban lambarta: wannan aure ya kai ta wani gari, wannan rigimar bashi ce, wannan mijinta ne ya hana, an je an roƙe shi, ta dawo bayan wata biyu.

Na tambaye ta, na ce: “Ƴata, me ya hana ki rubuta wannan a takardarki?” Sai ta sunkuyar da kai ta ce: “Baba, ai wannan ba aikin ofis ba ne, kuma ba a biyana, shi ya sa na ga bai kai a rubuta ba.”

Ita muka ɗauka, kuma babu wanda ya yi gardama a cikinmu. Amma tun daga ranar nake tunanin dosiyoyin da muka ture gefe a zagayen farko, ina tambayar kaina mutum nawa ne a cikinsu suke da irin wannan littafi a gida, mu kuma ba mu sani ba saboda ba su faɗa ba. Irin asusun da ta yi wa hidima ba ƙaramin abu ba ne. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991 daga nan ƙasar ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma wadda ta riƙe lissafinsa shekaru ta koyi abin da ba a koyarwa a aji. Haka ma saurayin da ya riƙe asusun fadarsu ta unguwa har suka gyara magudanar ruwa, da wanda ya yi sakataren ƙungiyar ɗalibai, da wadda take uwar adashi a kasuwar Dole, da wanda ya tattara kuɗin kwamitin iyayen yara na makaranta. Ga wannan kujera duk waɗannan aiki ne, kuma wurinsu yana sama, cikin sashen ƙwarewa, da shekarunsu da adadin mutanensu, tare da bayyana cewa aikin sa kai ne.

Yadda za a rubuta su kuwa, shawarata ita ce kowane aiki ya zo da abin da mutum ya tarar, da abin da ya bari, da tsawon lokacin, da hanyar da ya bi. Cewa “na kula da mambobi” ba ta gaya wa kwamiti komai. A ce, alal misali, mutum ya rubuta cewa ya riƙe rajistar wata ƙungiyar masu lambu shekara 3, ya tarar da mutum 120 a rubuce amma 70 ne suke biyan kuɗin shekara, ya bar 150 a rubuce 130 suna biya, kuma ya yi haka ne ta hanyar mayar da lokacin karɓar kuɗi zuwa bayan an sayar da amfani da kuma naɗa wakili a kowane ƙauye. Wannan layi uku ne, amma mai karatu ya riga ya ga mutumin yana aiki. A lura da bambancin da ke tsakanin wanda yake a rubuce da wanda yake biya, domin duk wanda ya taɓa zama a ƙungiya ya san nan ne gaskiyarta take.

Akwai kuma wani lissafi da nake so kowane mai neman wannan kujera ya iya shi kamar yadda ya san sunansa. A ce ƙungiya ta fara shekara da mutum 200, ta karɓi sababbi 50, ta ƙare da 210. Wanda bai duba da kyau ba zai ce an samu ci gaba, har ya rubuta haka a takardarsa da alfahari. Amma idan aka cire sababbi 50 daga 210 za a ga 160 ne suka rage daga cikin na farko, wato 40 sun tafi, 80 cikin 100 ne suka zauna. Wannan tulu ne mai yoyo, ana zuba ruwa ta sama yana fita ta ƙasa, kuma ranar da sababbi suka daina zuwa ita ce ranar da za a gane. Mai neman da ya nuna a takardarsa cewa ya san adadin waɗanda suka zauna, ba na waɗanda suka shigo kawai ba, ya riga ya yi wa saura nisa a idon kowane kwamiti da ya san aikin. Idan ma adadin ya ragu a hannunsa, saboda fari ko saboda ya share sunayen da ba su da masu su, ya rubuta haka ya faɗi dalili. Ni dai na fi amincewa da wanda ya ce ya rage rajista daga 300 zuwa 220 domin ta dace da gaskiya a kan wanda ya ce komai a hannunsa hauhawa yake yi.

Na san abin da yake riƙe hannun yaranmu. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma ina cikin masu ganin wannan tarbiyya ce mai kyau da bai kamata a yar ba. Sai dai wanda ya cika takarda da cewa shi haziƙi ne, mai gaskiya, mai haƙuri, shi ne ya yabi kansa, domin ya yanke wa kansa hukuncin da ya kamata wasu su yanke. Wanda ya ce ga abin da aka ba ni, ga abin da na mayar, shaida ya bayar, kamar yadda ma'aji yake karanta lissafi a gaban taro ba tare da kowa ya ce yana fahariya ba. Abin da aka yi tare a ce “mun yi”, sannan a ware abin da ya kasance a hannun mutum shi kaɗai a ce “na yi”, domin kwamiti ba ƙungiyar zai ɗauka aiki ba. Kuma kada a ƙara ko da mutum ɗaya a kan adadin gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a Damagaram inda da wuya a ambaci wata ƙungiya a rasa wanda ya san shugabanta a cikin mutum biyar da ke zaune.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ake raina harsuna. Kusan kowa ya rubuta Faransanci da Ingilishi da matakin da ya kai a kowanne, amma kaɗan ne suka ambaci harsunan da mambobin suke magana da su. Tarayyar da take da rassa a Gure tana bukatar mai jin Kanuri, wadda ta kai Tanut tana bukatar mai jin Tamajak, a Tasker akwai Tubanci, Fulatanci kuwa duk inda makiyaya suke. Wanda ya iya karanta ajami ya rubuta haka, domin akwai dattawan da da shi suke ajiye lissafinsu, kuma suna sakin jiki da wanda zai iya karanta abin da suka rubuta. Haka sanin ƙasa: wanda ya san cewa ranar Lahadi ce kasuwar Miriya, ya san watannin da samari suke tafiya cin rani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, ya san hanyar da ruwa yake yankewa da damina, ba zai kira taro ranar da babu mai zuwa ba. Layi biyu sun isa a faɗi yankunan da mutum ya yi aiki a cikinsu da ƙafarsa.

Tarurrukan bita kuwa, na ga wanda ya jera fiye da 20, shafi guda cur. A zaɓi biyu ko uku da suka shafi tafiyar da ƙungiya, ko lissafi, ko sasanta rikici, a bar saura. Batun kwamfuta ma haka: maimakon a jera sunayen manhajoji, a ce an mayar da rajistar mutum kaza daga littafi zuwa Excel, ko ana aika wa wakilan ƙauyuka saƙon murya ta WhatsApp kafin kowane taro saboda yawancinsu ba sa karatun boko, ko an saba bibiyar kuɗin da aka turo ta waya a haɗa shi da rasit. Gaba ɗaya takardar kada ta wuce shafi biyu, a fara da aikin da ya fi kusa a koma baya, kuma a tabbatar lambar wayar da aka sa tana shiga.

Dole in ja kunne a kan abu guda. Wani daga cikin masu neman, don ya nuna mana ƙoƙarinsa, ya haɗo kwafin jerin mambobin ƙungiyar da ya yi wa aiki, da sunaye da lambobin waya da bashin da ake bin kowa. Niyyarsa mai kyau ce, amma abin ya rage masa daraja a idonmu, domin waɗannan mutane ba su ba shi sirrinsu don ya nemi aiki da shi ba. Tun 2017 ƙasarmu take da dokar kare bayanan mutane, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido a kai, amma ko babu doka, amana ta isa ta hana. Wannan ne ya sa naɗe gefen shafin da baiwar Allah nan ta yi ya tsaya mini a rai fiye da duk abin da ta faɗa da baki. Su ma waɗanda za a ba da sunayensu domin a tambaye su, a nemi izininsu tukuna, kuma a zaɓi wanda ya ga aikin da idonsa. Shugabar ƙungiyar ƙauye da za ta iya cewa “shi ya riƙe mana littafi shekara uku, ko dala ba ta ɓata ba” ta fi mana amfani a kan babban mutum mai muƙami da ba zai tuna fuskar mai neman ba sai an yi masa kwatancen mahaifinsa.

Ba zan ɗora nauyin duka a kan matasa ba, domin mu masu ɗaukar aiki muna da namu kason. Sau da yawa sanarwar da muke fitarwa kwafi ce ita ma, mu nemi babban digiri da ƙwarewar ofis ta shekara biyar ga aikin da rabinsa a kan babur ake yin sa tsakanin ƙauyuka, sannan mu yi mamakin cewa masu littafin lissafi a gida ba su ga kansu a ciki ba. Ina ba ƙungiyoyinmu shawara su rubuta a fili cikin sanarwa cewa aikin sa kai a asusu ko ƙungiyar unguwa abin lissafawa ne. Su kuma jinkirta neman takardar kotu da kwafi masu hatimi har sai an tace an kira mutum ganawa, domin bai dace wanda ba shi da aiki ya kashe jikkunan da ba shi da su a kan dosiyen da za a rufe cikin minti biyu ba. Tun da kuma kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ban ga abin da zai hana ƙungiyar da duk tarurrukanta da Hausa ake yi ta karɓi CV da Hausa ba, ko aƙalla ta nemi shafi guda da mai nema zai bayyana da Hausa yadda zai dawo da mamban da ya yi fushi. Na kai wannan shawara gaban tarayyar da ta gayyace ni, sun yarda za su gwada ta a ɗaukar wakilan rassa da za a yi bayan kaka, kuma idan Allah ya kai mu zan sake rubuto maka abin da ya fito.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani tsohon sakataren ƙungiyar manoma,
Unguwar Birni, Damagaram.